Sa Hannun Garland

Dayton, Ohio
9 ga Fabrairu, 1997

Gwaggo Verna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Kawu Hobart. Yaya ƙirjinsa a wannan sanyi? Ki ce masa in ya sake cire bututun iskar nan don ya sha taba a baranda, ni da kaina zan zo in ɗaure shi a kujera, yanzu na iya. Ni lafiya lau, sai ciwon ƙafa na yawan tsayuwa. Gidan kula da tsofaffin da nake aiki ya mayar da ni aikin safe.

Na so in kira ki, amma kin san yadda muke da waya. Ni ina ihu, ke kina cewa ba kya ji, kuɗi na tafiya. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Makarantar koyon jinya ta ɗauke ni. Za a fara a ƙarshen Agusta. Na karanta takardar a tsaye bakin akwatin wasiƙu, na sake karantawa a zaune a kan matakala.

Sauran labarin ba shi da daɗi haka. Na je ofishin tallafin karatu da takarduna, na samu wata mata, Misis Pruitt, mai farin gashi da tabarau rataye a wuya. Ta duba fom ɗin ta ce, "Ina bayanin iyayenki?"

Na ce mahaifiyata ta rasu ina da shekara shida, gwaggota ce ta rene ni, kuma tun da na gama sakandare ni nake biyan hayata, ni nake ciyar da kaina.

Ta ce, "Shekararki nawa?"

"Goma sha tara."

"Kina da aure?"

"A'a."

"Ɗa fa?"

"Babu."

"Kin taɓa yin soja?"

Na ce, "Ki dube ni da kyau."

Ta yi murmushi, sannan ta ce, "Mahaifinki yana raye?"

Na ce yana raye, yana Indiana, yana aiki a masana'antar kayan mota, ya sake aure.

Ta ce, "To a wurin gwamnati kina ƙarƙashinsa har ki kai ashirin da huɗu. Ba ni na tsara ba."

Na ce mata mutumin nan bai taɓa saya mini ko takalmin makaranta ba. Ta ce ta yarda, amma fom ɗin ba ya tambayar wanda ya sayi takalmi. Na ce to a sa naki bayanin, ke da Kawu. Ta ce gwaggo ba ta shiga lissafin, ko da ita ta yi komai.

Ga abin da ake so. Ya rubuta abin da ya samu bara, shi da Rhonda tunda matarsa ce, ya sa hannu. Shi ke nan. Sa hannun bai ɗora masa biyan ko kwabo ba, na tambaya sau biyu. Wataƙila samunsu ya rage mini tallafin, amma aƙalla za a ba ni rancen gwamnati. In babu hannunsa, babu tallafi, babu rance, kuma albashina ba zai kai ko'ina ba.

Ke kaɗai yake jin nauyi. Don Allah ki yi masa magana.

Taki,
Tressa

Rafin Laurel, Kentucky
2 ga Maris

'Yata Tressa,

Mun samu wasiƙarki, mun gode wa Ubangiji. Muna lafiya gwargwado. Kawunki ya yi mako yana tari, yanzu da sauƙi. Ya ce in gaya miki kwal bai iya ɗaure shi ba shekara talatin a ƙarƙashin dutse, balle wata 'yar ficiciya da ya koya wa ɗaura igiyar takalmi. Ruwa ya yi yawa, rafin ya cinye gefen gadar, sai a ƙafa ake haurowa.

Na kai wasiƙarki coci na nuna wa kowa shafin farko. Na biyun na ajiye a aljihu. 'Yar Ilene za ta zama nas. Uwarki ko allura ta gani sai ta nemi wurin zama.

Na karanta zancen matar nan sau da yawa ban gane ba. Yarinya tana tashi da asuba tana wanke tsofaffin mutane, tana biyan haya, a ce tana ƙarƙashin wani? Ƙarƙashin wa? In ƙarƙashi ake nema, ai a ƙarƙashin rufina kika girma. Amma tunda kin ce haka dokar take, haka take.

Na sa kawunki ya kira ubanki ranar Lahadi. Shi ya riƙe wayar, ni ina faɗa yana isarwa, ka ce zaman sulhu ake. Na ce ya gaya masa 'yarsa ta samu makaranta. Hobart ya ce, "Ya ce madalla." Na ce ya gaya masa hannu kawai ake so. Hobart ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Yana tambaya wa zai ga takardar." Na ce gwamnati. Hobart ya ce, "Ya ce ai ita yake gudu." Na ce gwamnatin da ke yankar haraji a albashinsa duk mako, me ya rage da ba ta sani ba? Hobart ya ce, "Verna, wannan ba zan faɗa masa ba, ki sake wata." Na ce ya tuna masa 'yar wa ce.

A ƙarshe ya ce a aiko masa da takardun, zai yi nazari a kai. Kin san ubanki.

Ga adireshinsa a bayan shafin nan. Ki riƙa cin abinci mai zafi, ba na gwangwani ba. Allah ya tsare ki.

Gwaggonki,
Verna

Dayton
10 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ku, ina yi wa Kawu sannu. Wannan gajeruwa ce, ina sauri. Na gode, na gode. Na san in ke ce zai saurara. Na aika masa takardun jiya, na yi alama da fensir a duk inda zai cike, na sa ambulan mai kan sarki a ciki don kada ya ce ya rasa. Na gaya wa Misis Pruitt yana nan tafe. Har na sayi farin takalmin jinya a kantin kayan gwanjo, ya ɗan yi mini yawa.

Tressa

Dayton
13 ga Afrilu

Gwaggo Verna,

Ina fata kuna lafiya, kuma an gyara gadar. Ni ina nan, mura ta kama ni ta sake ni.

Babu abin da ya zo. Na yi ta duba akwati har maƙwabciyata ta tambaye ni ko saurayi ne. Ranar da makaranta ta sa wa masu son a fara duba nasu ta wuce ina jira. Da na gaji na kira gidansa. Rhonda ce ta ɗauka.

Ta ce, "Wa ke magana?"

Na ce Tressa.

Ta ce, "Af, ta Kentucky." Ta ce yana wurin aiki. Na ce batun takardu ne. Ta ce, "Ƙawata, bari in sauƙaƙa miki. Ni ban haife ki ba, ban taɓa cin abinci da ke ba, kuma albashina ba zai hau takardar kowa ba. Ya gaya wa yayarsa tun a watan jiya, ban san me ya sa ba a gaya miki ba."

Gwaggo, ya gaya miki? Ke kika rubuta mini cewa zai yi nazari.

Na koma wurin Misis Pruitt. Ba muguwa ba ce, har kofi ta ba ni. Ta ce ƙin sa hannu kaɗai ba dalili ba ne, don da dalili ne da kowane uba ya ƙi. Ta sake bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda muka tsallake. Ta ce, "Lokacin da gwaggonki ta ɗauke ki, an je kotu?" Na ce ba a je ba. Ta ce da kotu ce ta karɓe ni daga hannunsa, na zama 'yar riƙonta har na kai goma sha takwas, ko da a gidanki ta ajiye ni, da yanzu an lissafa ni cikin masu ɗaukar nauyin kansu. Wato da kin bari matar hukumar kula da yara ta zo ta same ni bayan rasuwar Mama, da yau ba na neman hannun kowa. Na fito daga ofishin ina dariya ni kaɗai.

Saura hanya ɗaya. Tana da ikon ta cire ni daga ƙarƙashinsa in aka tabbatar mata cewa ya yi watsi da ni. Tana son wasiƙa daga wanda ya rene ni, da wata daga wanda ba dangi ba, kamar fasto ko malamin makaranta. Ta ɗauki biro ta ce, "Yaushe rabonki da shi?"

Na ce Mayun bara.

"Kafin nan fa?"

Na ce Mayun da ya gabace shi. Na yi mata bayanin Ranar Kaburbura, yadda duk dangi ke dawowa gida Lahadin ƙarshe ta Mayu, a hau tudu a share kaburburan, a sa furanni, a yi waƙa, a ci abinci a can. Na ce yana zuwa duk shekara, ina gaishe shi, yana ba ni dala ashirin, ana ɗaukar mu hoto.

Ta ajiye biron. Ta ce, "Kenan kuna ganawa duk shekara, kuma yana ba ki kuɗi."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Ba na son in koya miki abin da za ki faɗa. Amma wanda zai karanta wannan bayana bai san tudunku ba. Uba zai gani da ke zuwa ganin 'yarsa. Sai in wasiƙun sun nuna ba haka ba ne."

Za su riƙe mini gurbi zuwa tsakiyar Yuni. Ina roƙonki ki rubuta, ki kuma roƙi Fasto Ledford.

Taki,
Tressa

Rafin Laurel
27 ga Afrilu

Tressa,

Muna lafiya. An gyara gadar.

Game da nazari. Na ɗauka kin girma a gidan nan. Tun da nake, in namijin zuriyarmu ta Stidham ya ce zai yi nazari, ya gama magana ke nan. Kakanki ya ce zai yi nazarin sa wutar lantarki, har ya mutu da fitilar kananzir yake karanta Littafi. Ban so in rubuta miki a'a da hannuna ba, na ce za ki gane. Ba ki gane ba.

Yanzu ɗaya maganar. Kin ce da na bari matar hukuma ta same ki. Na karanta layin nan a tsaye a kicin, na kashe murhu, na zauna.

Ke ba ki tuna ba, bari in tuna miki. Uwarki ba ta yi wata huɗu a ƙasa ba. Ubanki yana fita da safe ya bar miki biskit da gwangwanin madara, ya dawo ko kada ya dawo. Malamarki ta kai ƙara. Matar gidan waya ta raɗa mini cewa ranar Litinin mutanen ƙaramar hukuma za su zo. Ranar Lahadi daga coci ko gida ba mu biya ba. Na same ki a ƙarƙashin tebur da rigar uwarki a jikinki. Na zuba kayanki a rigar matashi, kawunki ya ɗora ki a kafaɗa. Da matar ta zo, na tare ta a bakin gada na ce babu yarinyar da ke neman wurin kwana a rafin nan. Tun zamanin kakan kakanki babu ɗan Stidham da ya taɓa kwana a hannun hukuma, kuma babu wanda ya taɓa tsayar da ɗan'uwansa gaban alƙali. Na san 'ya'yan da hukuma ta ɗauka a shekarar nan. Ki tambayi Misis ɗinki ko tana son in gaya mata inda suka ƙare.

Zuwansa tudu ma kin mayar da shi laifi. Duk Afrilu nakan aika masa cewa in bai zo ba kada ya ƙara kirana 'yar'uwa. Na yi haka don kada wata yarinya a makaranta ta ce miki ba ki da uba. Na yi don ki samu hoton da za ki nuna.

Yanzu kina so in zauna in rubuta wa wata baƙuwa a Ohio cewa ƙanena ya yar da 'yarsa, in kuma sa Fasto ya sa hannu, wanda shi ya binne uwarmu. Ni na goyi Garland. Abin da ya yi mun san shi a cikin gida, ba na takarda ba ne. Ba zan yi ba.

Ki jira ki kai shekarun. Makaranta ba ta gudu.

Verna

Dayton
4 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu. Ban yi barci sosai ba tun da wasiƙarki ta zo.

Ban ce kin yi laifi ba. Abin da matar ta faɗa na maimaita, don abin ya ba ni dariya irin wadda ba ta da daɗi. Na tuna teburin nan. Na tuna kafaɗar Kawu, da warin taba a hularsa. Da za a mayar da ni ranar, bayanki zan sake bi. Ki yafe mini yadda na rubuta shi.

Amma kin ce in jira. Wato in ƙara shekara biyar ina juya tsofaffi a gado kan albashin da ke ƙarewa kafin wata ya ƙare. Akwai wata a wurinmu, Lavonne, ita ma jira ta zo yi. Yanzu jikanta ke kawo ta aiki. Ta ce mini, "Ki auri wani sakarai mana, duk garin nan cike yake da su, ki sake shi bayan kin gama." Da wasa ta faɗa, amma ta ba ni sunaye biyu.

Na shiga ofishin ɗaukar soja da ke kusa da tashar bas. Mutumin ya ce in na yi musu shekara huɗu, babu wanda zai ƙara tambayata uba. Ya ba ni takarda, ban sa hannu ba. Ba don in tsorata ki na faɗa ba. Ba na ɓoye miki abu.

Bana ba zan zo Ranar Kaburbura ba. In na zo zan gaishe shi, don za ki ce in je in gaishe shi, kuma zan karɓi kuɗin, sannan in Misis Pruitt ta sake tambayata yaushe rabona da shi, ba zan iya yi mata ƙarya ba. Ban taɓa fashi ba tun da aka binne Mama. Ki sa mata furanni a madadina, masu ruwan ƙwai, ba na roba ba.

Taki har kullum,
Tressa

Dayton
19 ga Mayu

Gwaggo,

Ina fata lafiya. Shiru ya yi yawa. In fushi ne, na karɓa, amma ki sa wani ya rubuto mini ko layi ɗaya in san kuna raye. Na kira sau biyu ba a ɗauka ba. Mutumin soja ya kira ni a wurin aiki. Na ce masa sai bayan tsakiyar Yuni.

Tressa

Rafin Laurel
1 ga Yuni

'Yata,

Muna raye. Kawunki ya kwana goma sha biyar a asibiti, numfashi ya ƙi, ni kuma ina kujera a gefensa, shi ya sa ba a ɗauki waya ba. Ya dawo gida, ya rame, amma bakinsa bai rame ba. Fushi ma akwai, ba zan ce babu ba. Wasiƙunki biyu na same su tare.

Kada ki sa wa sojan nan hannu. Ki karanta wannan tukuna.

An yi Ranar Kaburbura. Ba a yi ruwa ba. Mutane sun zo daga Ohio da Michigan, motoci har bakin gada. Yaran ɗan'uwanmu Dewey suka ɗauki kawunki a kujera suka hau da shi, tulun iskarsa a cinya, yana ce musu su yi a hankali, ba yau za su bar shi a can ba. Na sa wa uwarki furannin da kika ce.

Ubanki ya iso da hantsi, shi kaɗai, da injin yankan ciyawa a bayan mota. A hanya na riga na yanke shawara. Duk shekara ni ce nake kama kafaɗarki in ce je ki gaida babanki, ni ce nake ce masa ga 'yarka, ni ce nake neman mai kyamara. Na ce bana zan rufe bakina in ga yaushe zai tambaya.

Ya yanke ciyawar gefen Baba da Inna. Ya durƙusa a kabarin Ilene ya cire ciyayin da hannu, ya wanke dutsen da ruwan da ya zo da shi, ya yi kukansa kamar kullum. Aka yi waƙa, Fasto ya yi addu'a. Aka shimfiɗa abinci ƙarƙashin itatuwa. Ya ci kaza, ya ci wake da burodin masara, ya ƙara kek ɗin tuffa. Ya tambayi Hobart jiki. Ya tambayi Dewey nawa ya sayi motarsa. Ya tambaye ni ko an gyara shingen gabas. Ina zaune daura da shi, Tressa, ina jira. Mutum uku suka zo suka tambaye ni ina kike, ɗaya ma a gabansa. Bai ɗago daga farantinsa ba.

Da ya ɗora injin a mota na bi shi. Na ce, "Garland, ba ka ga wani ya ɓace ba?"

Ya duba tudun, ya ce, "Yarinyar ba ta zo ba ko?" Ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗin a ninke, ya ce in aika miki.

Na ce, "Hannunka take so."

Ya ce, "Yaya, mun gama wannan. Na yi wa Rhonda alkawari."

Na ce, "Ilene fa, ba ka yi mata ba?"

Ya ce, "Ke kika ɗauke ta. Ban roƙe ki ba. Kin zo kin ce taki ce, na ce to." Ya tsaya yana murza makullin. Ya ce, "Ba na iya kallonta. Fuskar uwar ce. Rana ɗaya a shekara nake iyawa, ita ma don kin tilasta."

Na ce masa makarantar tana son in rubuta cewa ya yi watsi da ke. Na faɗa ne don ya ji zafi. Na ɗauka zai daka mini tsawa, ya ce in na yi kada in ƙara ganinsa. Abin da na yi ta tsoro ke nan, shi ya sa na ce miki ba zan yi ba.

Ya ce, "In kin rubuta, ba sai na cike komai ba?"

Na ce haka suka ce.

Ya ce, "To ki rubuta mana. Ba zan musa ba." Na ga kafaɗunsa sun sauka. Har ya sumbace ni a goshi kafin ya shiga mota.

Na rubuta washegari. Fasto ma ya rubuta tasa, bayan ya zauna da ita kwana biyu. Na aika wa matar duka biyun kai tsaye. Na yi ta tunanin ko in ɓoye miki abin da ke ciki, na ga gara ki ji daga gare ni kafin ki gani a kan teburin baƙuwa. Ga abin da na ce:

"Sunana Verna Caudill, yayar Garland Stidham. Na ɗauki 'yarsa Tressa tana da shekara shida. Daga ranar zuwa yau bai ciyar da ita ba, bai tufatar da ita ba, bai kira ta ba, bai taɓa tambayar ajin da take ba. Ba a je kotu ba don a wurinmu ba a yin haka. An gaya miki yana ganinta duk shekara. Gaskiya ne. Yana zuwa kabarin matarsa, yarinyar kuma tana tsaye a wurin saboda ni na tsayar da ita. Don matattu yake zuwa. Bana ba ta zo ba, bai lura ba sai da na gaya masa. Na karanta masa abin da zan rubuta, ya ce ba zai musa ba."

Layin ƙarshen nan na ɗan gyara shi, ban karanta masa ba, gaya masa na yi. Ki faɗa wa matar in kina ganin ya kamata.

Kuɗin suna nan. Ban sa su a ambulan ba, don kada a ce ya ba ki. Ban san abin da zan yi da su ba.

Gwaggonki,
Verna

Dayton
6 ga Yuli

Gwaggo Verna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya Kawu? Ki ce masa ya ci abinci, ina zuwa in auna shi. Ni lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin, na fara rubuto miki sau da yawa ina yagewa.

An amince. Misis Pruitt ta kira ni ofis, ta ce an cire ni daga ƙarƙashinsa, yanzu albashina kaɗai za a duba. Tallafin ya fito cikakke, da ɗan rance a kai, kuma gurbina yana nan. Na gaya mata gyaran layin ƙarshen, ta ce ba komai. Ta miƙo mini hannu ta ce tana taya ni murna. Na karɓi hannun. Na mayar wa sojan takardarsa.

Na san bai saya mini komai ba. Na san bai kira ba. Amma duk shekarun nan na ɗauka tuƙin da yake yi daga Indiana, ko rabinsa nawa ne. Ban ce kin yi kuskure da kika gaya mini ba. Ina dai gaya miki ne.

Kuɗin ki sa a kwandon coci.

Zan zo ƙarshen watan nan kafin a fara karatu, in hau tudun ni kaɗai. Daga yanzu haka zan riƙa yi, mako guda bayan kowa ya watse. Misis Pruitt ta ce in muka koma hulɗa da shi dole in sanar da ofis, kuma ba na son in tsaya ina lissafin ko gaisuwa hulɗa ce.

Abu na ƙarshe. Amincewar ta shekara ɗaya ce. Kowace shekara sai an sake dubawa, har in gama ko in kai shekarun. Kada ki yar da kwafinki, ki gaya wa Fasto ma ya ajiye nasa. Ta ce ba sai kin rubuta sabuwa ba. A watan Fabrairu ki canza kwanan wata, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa babu abin da ya sauya.

Na ce mata wannan ba zai yi mana wuya ba.

Taki,
Tressa